Akwati na Tara a Gandun Skelbeck

Gidan Bakin Ƙofa,
Gandun Skelbeck.
4 ga Satumba, 2018.

Zuwa ga Mista Vernon Ackroyd,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ba ka san ni ba, ni ma sunanka kawai na gani a cikin murfin wani akwatin roba. Sunana Honor Threlfall. Ni ce tsohuwar da ke zaune a ƙaramin gidan dutse na bakin ƙofar gandu, wanda kuke wucewa da motocinku.

Shekaranjiya na tarar da mutum huɗu a durƙushe bayan rumfar kwalekwale, a bakin tafki, kowa da waya a hannu, suna tonon gindin katanga kamar kaji. Na tsaya har suka gama dariyarsu suka tafi. Da na zura sandata a ramin sai ga akwati. A ciki akwai ɗan littafi, da fensir, da tarkacen wasan yara, da wata takarda mai ɗauke da labarin da ka sa wa suna "Farar Budurwar Tafki".

Akwatin yana kan teburin kicin ɗina, kuma nan zai zauna. Na ga lambar wayarka, amma ba na kiran mutanen da ban sani ba. Maxine ta shagon shayi ta ce duk Talata kana zuwa, ta kuma ce kai mutumin kirki ne, sai dai surutu. Ita za ta ba ka wannan takarda.

Abin da nake nema ɗaya ne. Ka daina turo mutane wannan wuri, ka kuma goge labarin nan a duk inda ka rubuta shi.

Ka huta lafiya.
Misis H. Threlfall.

*

Lamba 14, Layin Masaƙa,
Calderbrow.
7 ga Satumba.

Zuwa ga Misis Threlfall,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Rabon da wani ya rubuto mini wasiƙa da hannu tun ina tuƙin bas, ita ma ta ƙorafi ce. Maxine ta miƙo mini taki tare da kek, tana kallona kamar wanda aka kai ƙara wurin hedimasta.

Bari in wanke kaina, don ba ɓarna muke yi ba. Wasa ne. Mutum ya ɓoye ɗan akwati, ya sa wurin a shafin intanet, waya ta kai masu nema kusa da shi, sauran aikin kuma na ido ne da gwiwa. Wanda ya samu sai ya sa hannu a littafin, ya mayar da akwatin yadda ya same shi. Ba a cin komai. 'Yata ce ta sa mini shi a waya bayan an yi mini aikin zuciya, don likita ya ce ko in riƙa tafiya ko in rubuta wasiyya. Ni kuwa tafiyar da ba inda za ni ba ta shiga kaina. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi daga tasha zuwa tasha, kin ga dole a ba ni tasha.

Akwati tara na ɓoye a Skelbeck, duk da izinin ofishin gandu. Ɗaya a tsohon lambu mai katanga, ɗaya wajen kaburburan karnuka, ɗaya ƙarƙashin gadar ƙarfe, haka dai har tafki. Na tafkin shi ne na tara, kuma shi ne ɗan lelena. Mutum sama da ɗari shida sun sa hannu a littafinsa, har daga Jamus. Jiya ma wani ya rubuto yana mita, wai ya yi awa guda yana laluben katanga, ya koma gida da ƙaiƙayi a hannu ba akwati.

Labarin kuwa ba ni na ƙirƙira ba. Yana cikin ƙasidar da ake rabawa a bakin ƙofa: 'yar aikin babban gida, saurayi ya yaudare ta, ta faɗa tafki da farar riga, ana ganinta in hazo ya sauka. Ni dai ɗan gishiri na ƙara. Kowane tsohon gida ai da fatalwarsa, in babu ma sai an nemo, in ba haka ba wa zai sayi biskit ɗin Maxine masu siffar fatalwa?

In hayaniyar ce ta dame ki, sai in matsar da shi gaba kaɗan. Ki ba Maxine akwatin, ranar Talata kuma in saya miki shayi mu sasanta.

Naki cikin girmamawa,
Vernon Ackroyd.

*

Gidan Bakin Ƙofa.
12 ga Satumba.

Mista Ackroyd,

Bayan gaisuwa. Na samu takardarka. Na gode da bayanin, ko da yake ban tambaya ba.

Na karanta littafin naka daga farko zuwa ƙarshe da gilashin ƙara girman rubutu, ya ci mini yini biyu. Ga kaɗan daga abin da baƙinka suka rubuta. "Mun samu akwati, ba mu samu budurwa ba." "Farar Budurwa, ga lambata, ni ba na yaudara." Wani ya zana ta da harshe a waje. Wata ta ce ta kawo yaranta su yi mata ihu ko za ta fito.

Ba hayaniya ce ta dame ni ba. A gandun nan aka haife ni. Na ga sojoji sun kafa tanti a filin gaba, na ga ranar da aka yi gwanjon kujerun babban gida, na ga hukuma ta karɓi wurin ta zuba kwalta inda mahaifina ya shuka wardi. Hayaniya ba baƙuwata ba ce.

Sunanta Enid Birtwistle. Shekararta goma sha bakwai. Ba ta da saurayi, kuma rigar da ke jikinta a ranar baƙa ce, ta aiki. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a gado ɗaya muke kwana.

Ƙasidar bakin ƙofa na san da ita. Sau biyu na rubuta wa ofis, suka aiko mini da katin shan shayi kyauta. Na haƙura, don takarda ce, a karanta a jefar. Kai kuwa ka kawo mutane har wurin da aka fito da ita, ka ba su fensir.

Ba na bukatar shayin.

Ka huta lafiya.
Misis H. Threlfall.

*

Layin Masaƙa.
14 ga Satumba.

Zuwa ga Misis Threlfall,

Ina gaishe ki, in kin yarda ki amsa. A tsaye na karanta wasiƙarki a shagon Maxine. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin in bar shagon na goge labarin, na rufe shafin akwati na tara, babu wayar da za ta ƙara kai kowa wurin. Daga nan na wuce ofishin gandu na samu manaja. Na ce masa, "Ka san yarinyar nan tana da ƙanwa a raye, a bakin ƙofarka?" Ya ce, "Haba Vernon, tatsuniya ce fa, tun kafin a haife ni ake ba da ita." Na ce, "To tatsuniyar tana da suna, Enid." Ya yi ta juya biro. Daga ƙarshe ya ce yawon fatalwa, wanda ake zagayawa da baƙi ana ba su labarin duk ƙarshen Oktoba, an riga an fara sayar da tikitinsa, kuma ba shi ke da ikon sokewa ba, sai Ƙungiyar Masoya Skelbeck. Shugabanta kin san shi, Mista Crispin Marwood, jikan masu gidan na dā.

Ba ni da wata hujja. Na ga labari mai daɗi na ɗauka, ban taɓa tsayawa na ce wannan fa 'yar wani ce ba. Ni da nake da 'ya.

Ina roƙon ki ba ni izini in zo in ba ki haƙuri baki da baki. Ba akwatin nake so ba, ki riƙe shi, ki zuba albasa a ciki in kin ga dama. In ba kya son ganina, ki gaya wa Maxine "a'a" kawai, zan gane.

Naki,
Vernon Ackroyd.

*

Gidan Bakin Ƙofa.
23 ga Satumba.

Mista Ackroyd,

Bayan gaisuwa da fatan ka koma gida lafiya. Na gode da zuwanka ranar Alhamis, da famfon da ka gyara ba a sa ka ba. Ya daina ɗiga. Awa guda ka zauna, kai kana zancen bas ni ina zancen kabeji, kuma duk mun san ba abin da ya tara mu ke nan ba. Baki ya ƙi, bari hannu ya gwada.

A watan Fabrairu ne na 1947, shekarata goma. Dusar ƙanƙara ta yi mako uku tana zuba, tafkin ya daskare. Mahaifina shi ne shugaban masu lambu, ya aike ni in kai ƙwai kicin ɗin babban gida da hantsi. A hanyar dawowa na hango Uwargida Marwood a bakin tafki da karyarta Juno, Enid na biye da su riƙe da bargo. Na tsaya bayan rumfar kwalekwale, don an hana mu fitowa in masu gida na yawo.

Karyar ta bi agwagwa kan ƙanƙara. Daidai wurin ne rafi ke shigowa tafkin, ƙanƙarar ba ta kauri. Ta burma, ta maƙale da ƙafafun gaba tana kuka. Uwargida ta ce, "Enid, ke ba ki da nauyi, je ki ɗauko ta." Enid ta ce, "Ranki ya daɗe, Baba ya ce wajen nan ba ƙwari." Uwargida ta ce, "Za ta mutu ina kallo! Na ce ki je."

Enid ta ajiye bargon, ta ninke shi tukuna, ban san dalili ba. Ta kwanta rub da ciki ta ja jiki har wurin. Ta kamo karyar a wuya ta turo ta sama, karyar ta ruga waje. Sai ƙanƙarar ta buɗe. Ba ta yi ihu ba, ko kuma ni ce ban ji ba, don na riga na zura da gudu neman Baba. Shi da masu lambu suka zo da tsani da igiya. Sai bayan azahar aka fito da ita.

Da yamma Baba ya zaunar da ni a kan wannan teburin da ka sha shayi. Ya ce, "Ba ki ga komai ba. Zamewa ta yi. Gidan nan nasu ne, aikin nasu ne, ga uwarki ga ƙannenki biyu. Kin ji ni?" Na ce na ji. Abin da ya faɗa gaban mai binciken mutuwa na hukuma ke nan, aka rubuta hatsari. Daga baya mutane suka fara tambayar me zai kai yarinya mai hankali kan ƙanƙara, da ba su samu amsa ba sai suka nemo mata saurayi. Baba yana ji, bai taɓa tankawa ba har ya mutu.

Juno ta ƙara shekara shida. Dutsen kabarinta yana nan kusa da ɗaya daga akwatunanka.

Shekara arba'in da huɗu na zauna da mijina Walter, bai ji wannan daga bakina ba. Kai kaɗai na gaya wa, don ka zo da ƙafarka ka cire hula. Ka riƙe shi a cikinka.

Ka huta lafiya.
Honor Threlfall.

*

Layin Masaƙa.
1 ga Oktoba.

Zuwa ga Misis Threlfall,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin nan bai taɓa gwiwar ba. Ina da labari, kuma ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Wasiƙarki ta kwana biyar a aljihuna. Ranar Juma'a na je duba akwati na huɗu, na kaburburan karnuka, sai na tsinci kaina gaban dutsen Juno. An rubuta "Amintacciya har ƙarshe". Sau ɗari na wuce dutsen nan, har hoto na taɓa ɗauka. Ranar kuwa sai da na ji zuciyar da aka gyara mini tana neman komawa asibiti.

Na san kin ce in riƙe. Amma na yi tunani, mutum ɗari shida na gaya wa ƙarya, ai su ɗari shidan nan sun cancanci su ji gaskiya. Sai na sake buɗe shafin akwati na tara na rubuta abin da ya faru, tiryan-tiryan, ba gishiri ko ƙwaya ɗaya. Ban ambaci sunanki ba, na ce dai wata da ta gani da idonta ce ta faɗa.

Misis Threlfall, da kin ga abin da ya biyo baya! Saƙo ya fi ɗari biyu cikin kwana biyu. Mutumin nan da ya bar lambar wayarsa a littafi ya rubuto da kansa, ya ce ya ji kunyar rayuwarsa. Wasu sun kai furanni bakin rumfar kwalekwale, na ƙirga dami goma sha ɗaya jiya, kowanne da sunan Enid a jiki. Sunanta na gaskiya. Wata malamar makaranta ma tana so ta kawo ajinta.

Na san na yi gaban kaina, amma ki leƙa tafkin ki gani. Ina jin Enid ta fara samun haƙƙinta.

Naki har kullum,
Vernon.

*

Gidan Bakin Ƙofa.
5 ga Oktoba.

Mista Ackroyd,

Na samu takardarka, na kuma karanta har ƙarshe kamar yadda ka nema.

"Wata da ta gani da idonta." A gandun nan mutum nawa ne suka haura tamanin?

Ranar Laraba wata 'yar jarida ta tsaya a ƙofata da kyamara tana tambayata yaya na ji a lokacin. Ranar Alhamis Mista Crispin Marwood ya kira ni a waya. Bai ɗaga murya ba, su ba sa ɗagawa. Ya tambaye ni ko ina da shaida, ya ce sunan kakarsa ne ake ja a ƙasa, ya ce yaro ɗan shekara goma yakan ga abu ya tuna wani. Yau da safe a shagon burodi wata mata da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna, ta ce ita dai ta kasa gane uban da zai sayar da 'yarsa saboda gida.

Wannan ba ka hango shi ba ko? Ka ɗauka Uwargida kaɗai za a zaga. Mahaifina shi ya shiga ruwan nan har ƙirji ya fito da ita da hannunsa, ya rasa yatsu biyu na ƙafa saboda sanyi. Yanzu shi ne abin taunawa a layin burodi.

Da farko ka ba mutane ita a matsayin fatalwa su yi dariya. Yanzu ka ba su ita su yi kuka. Duka biyun ba ka tambayi kowa ba. Na ce ka riƙe, kalma ce mai sauƙi, direban bas ma ya santa.

Furannin na gan su. Sun fara ruɓewa, ni ce zan kwashe.

Kada ka sake rubuto mini.

H. Threlfall.

*

Shagon Shayi,
Skelbeck.
22 ga Oktoba.

Vernon,

Ina gaisuwa, da fatan kana raye, tunda waya ba ka ɗauka, Talata biyu kuma kujerarka ba kowa. Dubi abin da ka mayar da ni, ni ma na koma rubuta wasiƙa kamar 'yar zamanin yaƙi. Na ga ka goge shafin, amma ai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yanzu ka zauna ka ji abin da ka rasa.

Ranar Asabar da rana Ƙungiya ta yi taro a shagona kan maganar yawon fatalwa. Mutum wajen talatin, har da waɗanda ba sa zuwa sai in akwai kek kyauta. Crispin ya miƙe da jan gyalensa, ya ce tunda an cire rubutun magana ta ƙare, takardar mai bincike ta ce hatsari, ba wata shaida, a ci gaba da shiri. Yana cikin faɗa sai ƙofa ta buɗe. Honor ce, da sanda, da hularta ta zuwa coci.

Ta ce, "Ina da magana."

Ya ce, "Misis Threlfall, ki yi haƙuri, ba kya cikin jerin masu magana."

Ta ce, "Shekara saba'in da ɗaya ba na ciki, ɗana. Matsa."

Vernon, wallahi ya matsa. Ta ƙi kujera. Ta dafa teburin kek ta ba da labarin daga ƙwai har tsani, minti biyar, ko muryarta ba ta yi rawa ba. Ni ce ma na yi ta goge kofi ɗaya har ya kusa hujewa. Da ta gama ta juyo ta dubi mutane ta ce, "Sai maganar ubana. Duk wanda ke da mata da 'ya'ya uku, dusar ƙanƙara har gwiwa, gidan da yake ciki na wani, kuma ya tabbata shi da ya yi magana, ya tashi ya zage shi in ji." Ba wanda ya motsa. Matar nan ta shagon burodi tana nan, ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Crispin ya yi fari fat. Ya ce, "Kakata ce ta rene ni. Ban san ta da haka ba."

Honor ta ce, "Ni ma duk Kirsimeti sai ta ba ni lemo da safa. Ban ce muguwa ce ba. Abin da na gani na faɗa."

Crispin ya gyara jan gyalensa. Can ya ce kakarsa takan rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, littattafan suna cikin wani akwatin ƙarfe a gidansa, bai taɓa buɗewa ba. Ya ce zai duba na shekarar, kuma duk abin da ya gani zai kawo mata. Wani ya ce, "In ka ga abin da ba ka so fa?" Ya ce, "Na ce zan kawo."

Aka kaɗa ƙuri'a, sha bakwai da sha ɗaya, an soke yawon. Manaja kamar ya yi kuka. Ƙasidar ma za a sake bugawa. Biskit ɗina kuwa na yanke musu hannuwa, yanzu wai ƙwai ne, ba mai saye.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da za ta fita na taya ta sa kot, sai ta ce, "Mai surutun nan mutuwa ya yi?" Na ce kunya ce ta ɓoye shi. Ta ce, "Ya kamata." Ta yi taku biyu ta ƙara da cewa, "Sai dai ba don shi ba, da yau ma ina gida ina kallon kabeji." Kada ka ɗauka yafiya ce, fuskarta ba ta nuna haka ba. Ni dai na faɗa maka yadda aka yi.

Ka fito ka yi tafiyarka, kafin 'yarka ta zo ta tuhume ni.

Taka,
Maxine.

*

Gidan Bakin Ƙofa.
9 ga Nuwamba.

Vernon,

Bayan gaisuwa. Mista Marwood ya zo jiya da littafin kakarsa. Ya buɗe shafin ya ajiye a kan tebur, ya fita ya tsaya a lambu ba hula, ana yayyafi.

Layi biyu ne. "Enid Birtwistle ta nutse a tafki yau da hantsi. Ni na aike ta." Bayan wannan shafi tara babu komai a cikinsu.

Na shirya wa ƙarya, na shirya wa a ce ba ta rubuta komai ba, na ma shirya wa in ga sunan karyar kafin na Enid. Wannan ban shirya masa ba, kuma har yanzu ban san inda zan ajiye shi ba. Ya bar mini littafin zuwa Lahadi.

Ina so in karanta shi da ƙarfi a gaban wani in ji yadda zai fito. Tunda kai ka jawo, kai za ka zauna ka saurara. Ban ce na huce ba. Ka zo Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya. Kada ka zo da biro, wayarka kuma ka bar ta a mota.

Ka huta lafiya.
Honor.